Zanen Tambari a Jikin Wuƙa da Lantarki: Yadda Ake Yi da Abin da Ya Kamata Maƙera Su Sani

Zanen tambari da lantarki wata dabara ce da ake amfani da ita wajen rubuta suna ko alama a jikin ƙarfe ta hanyar haɗa ruwan gishiri da wutar batir. Wutar tana cinye ƙarfen a daidai gurbin da aka bari a buɗe, ta bar rubutu mai zurfi wanda wanki ba ya gogewa. Kamfanonin wuƙaƙe da na kayan aikin asibiti suna da injina na musamman domin wannan aiki, amma ana iya haɗa makamancinsu a maƙera da kayan da ake samu a kasuwa.

Muhimmancin tambari ga maƙeri

Ƙaramar Hukumar Gamawa, da ke cikin Masarautar Katagum a Jihar Bauchi, ƙasa ce ta noma da kiwo, tana kuma makwabtaka da Jihar Yobe, inda babbar kasuwar shanu ta Potiskum take. A irin wannan yanki wuƙa kayan sana'a ce ga mahauci da baduku da mai gasa tsire, kuma cinikinta yana ƙaruwa duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato. Sai dai galibin wuƙaƙen gida suna isa kasuwa babu sunan wanda ya ƙera su. Idan mahauci ya dace da mai riƙe kaifi a Azare ko Udubo, da wuya ya san ƙofar da zai koma, sai aikin gwani da na ɗan koyo su tafi a farashi ɗaya.

Maƙeran wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Sheffield ta Ingila, ƙungiyar maƙeran wuƙa da aka kafa a 1624 ta riƙa rajistar alamar kowane maƙeri, domin a san mai aikin kirki da mai ha'inci. A Nijeriya kuwa, Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965 ce ta ba da damar rajistar tambari a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.

Hanyar gargajiya ita ce buga alama da guduma tun ƙarfe yana ja, kafin a tsoma shi a ruwa ko mai ya taurare. Bayan ya taurare, duka yana iya tsaga shi, mayar da shi wuta kuma yana kashe taurinsa. Zanen lantarki ba ya bukatar duka ko zafi, shi ya sa ake yin sa a kan wuƙar da aka riga aka gama.

Asali da yadda yake aiki

Tun wajen shekara ta 1500 masu ƙawata sulke a Jamus, irin su Daniel Hopfer na garin Augsburg, suke zane a ƙarfe da ruwan asid. A 1833 da 1834 masanin kimiyya Michael Faraday ya bayyana cewa yawan ƙarfen da lantarki ke narkarwa ya dogara ne ga yawan wutar da ta ratsa. A 1840 aka ba Thomas Spencer da John Wilson takardar mallakar fasahar zane a ƙarfe da wutar batir a Ingila.

Ruwan gishiri shi ne gadar da wuta ke bi. Idan aka haɗa wuƙa da kan batir mai alamar tarawa, aka haɗa jiƙaƙƙiyar auduga da kan mai alamar ɗebewa, to duk inda audugar ta taɓa, ƙarfen wajen yana narkewa ya shiga ruwan. Bisa lissafin Faraday, wuta mai ƙarfin amfiya 1 tana iya cire kimanin miligiram 17 na baƙin ƙarfe a minti ɗaya. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya bar rubutun da farce zai ji.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar wuta mai ƙarfin bolt 9 zuwa 12, irin wadda masu gyaran lantarki ke kira DC. Batirin babur ko ƙaramin batirin sola ya wadatar. Cajar waya mai bolt 5 ma tana yi, sai dai a hankali. Sauran kayan su ne wayoyi biyu masu maƙali, ƙusa babba, auduga da robar ɗaure ta, gishirin girki, da abin rufe ƙarfe kamar jan farce, salatif na lantarki, ko sitika da masu rubuta allon talla suka yanke. Idan da batir za a yi aiki, ana saka ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a tsakiyar ɗaya daga cikin wayoyin, domin ya tare wutar idan ƙusa ta taɓa wuƙa bisa kuskure.

Matakan aiki

Da farko a goge wuƙar ta yi sumul, a wanke ta da sabulu har maiƙo ya fita, domin ko shatin yatsa yana ɓata rubutu. A zaɓi wuri kusa da ƙota, nesa da kaifi. A shafa jan farce, idan ya fara bushewa a kankare sunan da allura har ƙarfe ya bayyana, ko a manna sitika a danne gefunanta sosai. A rufe kewayen da salatif.

Sai a narkar da gishiri cokali biyu na cin abinci a rabin lita na ruwa. A maƙala wayar tarawa a jikin wuƙar, a maƙala ta ɗebewa a ƙusar da aka naɗe kanta da auduga. A tsoma audugar a ruwan, a matse ta kada ta riƙa ɗiga, sannan a ɗora ta a kan rubutun na daƙiƙa biyar zuwa goma, a ɗaga, a sake ɗorawa. Za a ji ƙarar tafasa kaɗan, audugar kuma za ta yi duhu, sai a canza ta. Minti biyu zuwa biyar yawanci sun isa. Idan ba a ga alamar ci ba, mai yiwuwa an juya wayoyin ne.

Wutar DC zurfi take yi. Masu son rubutu ya yi baƙi sukan ƙarasa da wutar AC mai bolt 12 daga ƙaramar taransifoma.

Daga ƙarshe a cire abin rufin, a wanke wuƙar da ruwan kanwa sannan da ruwa mai tsabta, a busar da ita, a shafa man gyaɗa. Gishirin da ya saura a cikin rubutu yana kawo tsatsa cikin kwana ɗaya. Yana da kyau a fara gwaji a kan guntun ƙarfe irin na wuƙar, domin ƙarfen sifirin mota da na zarto ba sa ci daidai.

Abubuwan kiyayewa

Kada a taɓa jona wayoyin kai tsaye da wutar gida ko ta janareta. Ƙarfinta ya kai bolt 230, kuma haɗuwarta da ruwan gishiri kisa ce. Aikin yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta da kuma ɗan abin da ba a rasa ba na kulorin mai cutar da huhu, don haka a yi shi a sarari, nesa da garwashin maƙera. A sa safar hannu ta roba da tabarau.

Wuƙar da ba ta tsatsa, wadda ake kira ta silba, tana ɗauke da sinadarin kuromiyom, ruwan da aka yi aikinta da shi kuma yana iya zama guba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, mashayar dabbobi ko gona, kuma kada kwanon ya koma wajen girki. Ruwan batir ba ya cikin kayan wannan aiki, ƙara shi sai dai ya jawo ƙuna.

Haka nan, zana tambarin wani kamfani ko sunan wani maƙeri a jikin wuƙar da ba tasa ba yaudara ce da doka ta hana. Maƙerin da ya sa sunansa da na garinsa ya ɗauki alhakin aikinsa ke nan: idan wuƙar ta dakushe da wuri an san wanda za a tuhuma, idan kuma ta yi ƙarko an san wanda za a nema.