Daga Ido Zuwa Madubin Hangen Nesa: Tarihin Duban Sama da Gadonsa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Duk ranar 29 ga Sha'aban, da faɗuwar rana, mutanen Gaya da ƙauyukan Ajingi kan fita fili su fuskanci yamma suna neman jinjirin wata. Ba su da kayan aiki sai ido. Amma aikin nasu reshe ne na ilmin miƙati, wanda Musulmi suka gina wa cibiyoyi tun ƙarnonin farko domin sanin lokutan salla, alƙibla da kamawar wata.

Cibiyoyin duban taurari

Halifa Ma'amun ya sa an fara duban taurari a Shammasiyya ta Bagadaza wajen shekarar 828. A 1259 Nasiruddin Ɗusi ya kafa cibiyar Maraga, sannan Ulug Beg ya gina ta Samarƙandi, inda aka ƙididdige matsayin taurari 1,018. Cibiyar Taƙiyyuddin ta Istanbul, wadda aka kammala a 1577, an rushe ta a 1580. Dukkansu da usɗurlabi da manyan ma'aunai suka yi aiki. Ido ne ke gani, ma'auni yana tabbatarwa. Madubin hangen nesa bai bayyana ba sai a 1608 a ƙasar Holan, Galileo kuma ya ɗaga nasa zuwa sama a 1609.

Rabon ƙasar Hausa

Ba a gina irin waɗannan cibiyoyi a ƙasar Hausa ba, amma ilmin ya iso ta hanyar littattafai da matafiya. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan masanin falaki Hasan al-Jabarti. A 1824, da Kyaftin Clapperton ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama a Sakkwato, ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Cikin kyaututtukan da baƙon ya kawo masa har da madubin hangen nesa.

A karkara kuwa, ilmin ya zauna cikin lissafin manzilolin wata 28. Manomin gero a Ajingi da ke tambayar malami ko Haƙ'a ta shiga, ko saura kwana nawa Ɗarfa ta kama, da wannan gado yake aiki.

Hukunci da kayan aiki

A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da ganin adalai biyu ko jama'a mai yawa, ba da lissafin munajjimi ba. Sai dai malamai sun tanadi gwaji: idan kwana 30 suka cika bayan shaidar mutum biyu, sama tana garau, ba a ga wata ba, an ƙaryata shaidar. Wato fiƙihu da kansa yana neman a tantance gani.

Kammalawa

Madubin hangen nesa ba ya maye gurbin gani. Ƙarfafa ido yake yi, ya rage kuskuren da kan raba gari biyu ranar salla. Ya kamata ɗaliban shari'a su koyi miƙati tare da amfani da na'ura, domin labarin da ke tashi daga ƙauye zuwa hakimi, har ya kai fadar Sarkin Musulmi, ya kasance tabbatacce. Allah ne Mafi sani.