Bodiam: gidan yaƙi ko gidan nuna isa?

A shekarar 1377 mayaƙan Faransa suka sauka daga jiragen ruwa a garin Rye da ke kudancin Ingila, suka cinna masa wuta. Bayan shekara takwas, a 1385, Sarki Richard na Biyu ya ba wani barde mai suna Edward Dalyngrigge izinin yi wa gidansa ganuwa a Bodiam, kusa da kogin Rother, wai don tare mahara. Barden kuwa a yaƙe-yaƙen Faransa ya tara dukiyarsa. Da izini ya shiga hannu, bai tsaya gyaran tsohon gida ba, sabon fili ya zaɓa ya aza harsashi.

Ginin na dutse ne mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da zagayayyar hasumiya, ɗakuna duk sun jingina da ganuwa sun bar tsakar gida a buɗe. Kewaye da shi akwai gwalalo mai faɗi kamar tafki, wanda idanun ruwa ke cikawa. A da, mai son shiga ba ya tunkarar ƙofa kai tsaye. Gada ce ta katako daga gefen yamma take kai shi wani ɗan tsibiri, can ya juya ya fuskanci ƙofar arewa. Duk tsawon wannan tafiya damansa, inda babu garkuwa, yana fuskantar maharba. In ya tsira, ga ƙyauren sarƙaƙƙen katako da ake saukowa daga sama, ga ramuka a rufin zaure na jefo masa abin da ya sawwaƙa.

Sai dai masana tarihi da dama, irin su Charles Coulson, na ganin duk wannan burga ce. Tudun ƙasa ne kawai ya tare ruwan, in aka fasa shi sai ya tsiyaye. Wasu tagogin sun yi wa gidan yaƙi girma, ga kuma tudu daga arewa yana leƙen gidan. Ni ma can na karkata: mutumin da ya yi sabon arziki yana son baƙo ya hango hoton gidansa a kan ruwa tun daga nesa. Ruwan nan da ake yabo kuwa, a cikinsa salgogin gidan, kusan talatin, suke zuba a da.

Cikin gidan ya zama kango tuntuni. Daga baya wani mai suna Lord Curzon ya sayi gidan, ya yashe gwalalon, ya gyara ganuwa, da ya rasu a 1925 ya bar wa ƙungiyar National Trust.