Man bedi da tafarnuwa: maganin farar fumfuna a lambu

Farar fumfuna cuta ce da ke bayyana a kan ganye kamar an barbaɗa gari. Tana kama kabewa, kankana, kuɓewa da tumatur, kuma iska ce ke yaɗa ƙwayoyinta daga shuka zuwa shuka. Ba ta buƙatar ruwan sama kafin ta bunƙasa, shi ya sa masu noman rani suka fi fama da ita. Ganyen da ta rufe yakan koma rawaya ya bushe, 'ya'yan kuma su tsumbure.

Tsirrai biyu da aka saba da su suna rage ɓarnarta. Na farko shi ne bedi, wanda ake kira dogon yaro ko darbejiya. Asalinsa daga yankin Indiya ne, amma ya zama ɗan gida a Sahel: a kwarin Magiya da ke jihar Tawa an fara shuka shi layi-layi tun 1975 don tare iska. Man da ake tatsa daga ƙwayar 'ya'yansa yana lulluɓe ganye, ya hana ƙwayoyin cutar tsirowa. Ana zuba mililita 5 zuwa 10 a lita ɗaya ta ruwa, wato ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, tare da ɗan sabulu domin man ya haɗu da ruwan.

Na biyu tafarnuwa ce. Ƙarfinta yana cikin sinadarin alisin, wanda aka gano a 1944. Sai an daka ta yake samuwa, kuma ba ya daɗewa, don haka a ranar da aka jiƙa aka tace ake fesawa.

Da yamma ake feshin, a saman ganye da ƙarƙashinsa, saboda mai da zafin rana na iya ƙona shuka. Ana fara gwadawa a kan 'yan ganye kaɗan, sannan a maimaita duk mako, tunda rana da ruwa suna kashe ƙarfin maganin.

Waɗannan magunguna sun fi aiki a matsayin rigakafi, da zarar tabon farko ya fito. Ba sa farfaɗo da ganyen da ya lalace, kuma ba sa kaiwa ga fumfunar fuzariyom, wadda ke shiga ta saiwa ta toshe jijiyoyin ruwa. Ita wannan sai da tumɓuke shukar da ta kamu, da sauya abin da ake nomawa a wurin, da iri mai jure cutar.