YADDA TALAKAWAN AREWA SUKA ƘI YAƘI DA NIJAR A 2023

A wannan fitowa muna so mu waiwayi wani al'amari da ya faru a kan idonmu, wanda in ba a rubuta shi ba to nan gaba kaɗan yaranmu za su ɗauka tatsuniya ce. Watau yadda a watan Agusta na 1445 bayan hijira, daidai da 2023, aka ja daga kamar za a gwabza yaƙi tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, amma 'yan kasuwa da direbobi da malamai da sarakuna da samari suka tashi suka ce ba da yawunsu ba, har Allah Ya sa ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, to amma shi zaman lafiyan nan ba ya faɗowa daga sama, akwai waɗanda suke tsayawa su nema.

GOMBE TA SAN ƊACIN YAƘI

Mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Haɗeja, wasu ma daga Damagaram da Maraɗi, neman abinci ne ya kawo mu. Auduga da gyaɗa da hatsi suka jawo iyayenmu, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963. Muka tarar da masu gari, suka karɓe mu hannu biyu, muka yi aure muka hayayyafa. Amma ƙasar da muka sauka ba baƙuwar yaƙi ba ce.

A nan ƙasar Gombe ne, a Burmi, aka yi karon ƙarshe tsakanin Turawan Ingila da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli 1903. Sarkin Musulmi ya rasu a wurin tare da ɗaruruwan mutanensa, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka nausa gabas har Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Sa'an nan a watan Afrilu na 1985 tarzomar 'yan Maitatsine, wadda ta faro daga Kano a 1980 ta bi ta Bulunkutu da Jimeta, ta ɓarke a unguwar Pantami, aka rasa fiye da mutum 100. Na baya-bayan nan kuwa ba sai an tuna wa kowa ba: bom ɗin Tashar Dukku ranar 22 ga Disamba 2014, da harin da 'yan Boko Haram suka kawo wa gari ranar 14 ga Fabrairu 2015, da na Babbar Kasuwa ranar 16 ga Yuli 2015, ana jajibirin ƙaramar Sallah mutane na sayayya, inda kusan mutum 50 suka riga mu gidan gaskiya. To mutumin da ya kwashi gawar maƙwabcin rumfarsa da hannunsa, in aka ce masa za a buɗe wani sabon fagen daga, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

YADDA ABIN YA FARO

Ranar Laraba 26 ga Yuli 2023 sojojin da ke gadin fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Muhammad Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdurrahman Tchiani ya bayyana a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, wanda bai fi wata biyu da hawa mulki ba. Suka ba sojojin kwana bakwai su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka hana zirga-zirgar kuɗi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, alhali kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga nan take zuwa. Mali da Burkina Faso suka mayar da martani cewa duk wanda ya taɓa Nijar to su ya taɓa.

Mu 'yan kasuwa mu muka fara ji a jikinmu. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari da Kwangwalam, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, dabbobi na galabaita, direba da yaron mota sun cinye guzurinsu. Gombe ba ta kan iyaka, amma duk wanda ya san Tudun Hatsi ya san cewa buhun masara ko gero da aka loda a nan sau da yawa sai ya tsallaka iyaka yake sauka, haka kuma raguna da dabino da kanwa daga can suke gangarowa. In takunkumi kawai ya yi wannan ɓarna cikin mako guda, to ina ga an fara ruwan wuta?

ME YA HAƊA MU DA NIJAR

Wanda ke zaune a Legas ko Abidjan yana iya ganin Nijar wata ƙasa ce can daban. Mu kuwa mun san iyakar nan mai tsawon fiye da kilomita 1,500 Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kowa ba. Jihohi bakwai ne ke jingine da ita: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, shi ya sa har yau ake ce wa na can Sarkin Katsinan Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Akwai gidan da uba ke wannan ɓangare, gonarsa na wancan.

Ba zumunci kaɗai ba, akwai kuma halacci. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, duk da Faransa ta karkata wajen Biyafara, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. A watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram. Jihar Diffa ta sauki dubban 'yan gudun hijira daga Barno, Maraɗi kuma ta sauki na Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora. Ke nan da an yi yaƙin, har da 'yan Nijeriyar da suka gudu can neman mafaka za a jefa wa bom.

YADDA AKA ƘI

Abin lura a nan shi ne babu wata ƙungiya guda da ta shirya wannan ƙin. Maganar daga ƙasa ta taso. A rumfunan kasuwa da tashoshin mota da majalisun shayi ba a wata hira sai ita. Masu bugo waya gidajen rediyo suka dinga faɗin abu ɗaya, samari kuma suka cika Facebook da WhatsApp da shi. Ranar Juma'a limamai da dama a garuruwan Arewa suka hau mumbari suka ja kunnen hukuma, aka yi ta addu'o'i. Daga nan sai maganar ta hau sama.

Ranar 4 ga Agusta Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Dattawa takarda kan matakan da ECOWAS ta ɗauka. A ran nan sanatocin Arewa suka fitar da sanarwa cewa ba su goyon bayan amfani da soja. Washegari, 5 ga wata, Majalisar ta yi zama ta shawarci Shugaba da ya bi hanyar siyasa da lalama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Shugaba neman yardar Majalisar Dattawa kan tura soja yaƙi wajen ƙasa. Su kuwa sanatocin nan ba daga sama suka samo ra'ayin ba, sun san gida za su koma, sun kuma san abin da ake faɗa a gidan.

Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci suka yi gargaɗi, haka ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa. Bishop-bishop na ɗarikar Katolika na Afirka ta Yamma su ma suka ce kada a yi. Wannan haɗuwar baki ta hana kowa ya ce ai maganar addini ɗaya ce ko ƙabila ɗaya.

Sai kuma masu kai da komo. Ranar 3 ga Agusta Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka je Yamai, amma ba su samu ganin Tchiani ba. Ranar 9 ga wata Khalifa Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganinsa tare da rakiyar Sarkin Damagaram. Duk da haka, ranar 10 ga wata ECOWAS ta ba da umurnin a shirya rundunar ko-ta-kwana, hankalin kowa ya sake tashi. Ranar Asabar 12 ga wata abubuwa biyu suka faru. A Kano ɗaruruwan mutane suka fito kan titi ɗauke da tutocin Nijeriya da na Nijar suna cewa ba su son yaƙi, aka yi aka watse lafiya. A Yamai kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da Tchiani na tsawon sa'o'i. A cikin tawagar akwai Sheikh Ƙaribullah Nasiru Kabara na Ƙadiriyya, da Sheikh Ibrahim Ɗahiru Bauchi a madadin mahaifinsa, da Dokta Khalid Aliyu na Jama'atu, da namu na nan Sheikh Kabiru Gombe. Duk wanda ya san yadda Izala da ɗariƙu suka daɗe suna ja-in-ja ya san shigarsu jirgi ɗaya don abu ɗaya abin a rubuta ne. Bayan mako guda, ranar 19 ga wata, Janar Abdussalami ya koma, wannan karon ya ga Tchiani ya kuma ga Bazoum.

DARASI DAGA NA BAYA

Wannan ba shi ne karon farko da mutanen Arewa suka nuna damuwa kan yaƙi ba, amma ya sha bamban da na baya. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 jama'a ɓangare suka ɗauka, har aka yi ta raɗa wa jarirai suna Saddam. A watan Oktoba na 2001, da Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan, an yi zanga-zanga a Kano bayan sallar Juma'a ranar 12 ga wata. Washegari abin ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin mazauna gari, aka kashe mutane, aka ƙona shaguna da wuraren ibada. Wanda aka ƙona wa shago a Kano bai taɓa ganin Kabul ba, bom ko ɗaya kuma bai fasa sauka a can ba saboda wannan ɓarna. Haka kuma ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fito a biranen duniya don hana yaƙin Iraƙi, a Landan kaɗai an yi kiyasin kusan miliyan guda, amma ranar 20 ga Maris aka fara yaƙin.

To me ya sa na 2023 ya ci? A ganinmu dalili uku ne. Na farko, wanda ake roƙo yana kusa, gwamnatinmu ce, kuma tana bukatar ƙuri'armu. Na biyu, bukatar guda ɗaya ce kowa ya gane ta: kada a kai soja. Ba a tsaya gardamar ko juyin mulki daidai ne ba, domin da yawa daga masu ƙin yaƙin ba su goyon bayan mulkin soja, mun ɗanɗana shi mun san shi. Na uku, ba a taɓa dukiyar kowa ba, kuma an bi ta ƙofofin da hukuma ba ta iya rufewa, watau majalisa da fada da malamai. Gaskiya ne akwai wasu dalilai daga waje, kamar barazanar Mali da Burkina Faso da ƙin amincewar Aljeriya. Amma kowa ya san rundunar ECOWAS ba ta motsi sai da sojan Nijeriya, sojan Nijeriya kuwa ba ya isa Nijar sai ya ratsa ta garuruwan mutanen da suka ce a'a.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Hana yaƙi bai warware komai da komai ba. Iyaka ta zauna a rufe wata bakwai da ɗoriya, jarin mutane da yawa ya karye. Sai ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumi, ranar 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umurnin buɗe iyaka. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Shi kuwa Bazoum shekara biyu ta cika a 2025 yana tsare. Waɗannan duk abin baƙin ciki ne. Amma jarin da ya karye ana iya tayar da shi, ƙungiyar da ta rabu ana iya ɗinke ta, wanda aka binne kuwa ba ya dawowa.

Kiranmu ga 'yan wannan ƙungiya shi ne kada mu jira sai wuta ta kama. Kowane ɗan kasuwa ya san sunan sanatansa da ɗan majalisarsa da inda ofishinsu yake. Shugabannin kasuwa da na tasha su riƙa zama da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci tun ana zaman lafiya, domin ranar tashin hankali ba a fara sabon sani. In samarinmu za su fita kan titi, a san waɗanda ke gaba, a san inda za a bi da lokacin watsewa, kada a bar ɓata-gari su karɓe, kamar yadda aka gani a Kano ranar 1 ga Agusta 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, rumfunanmu ne a bakin titi, mu ne farkon asara in abu ya lalace.

Allah Ya zaunar da Gombe lafiya, Ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Wassalam.