Ƙwayar Gadon Sikila da Zazzaɓin Cizon Sauro: Darasin Binciken Garki ga Yashe da Kewayenta

Tsakure: Maƙalar ta bi ciwon sikila tun daga cikin ƙwayar jini har zuwa zauren neman aure, ta kuma dogara da binciken Garki wajen bayyana abin da ya zaunar da wannan gado a ƙasar Hausa.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana kusan 120 tana zagaya jiki kafin saifa ta kawar da ita. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ɓargo ya yi ta ƙera sababbi bai cike giɓin ba, shi ya sa jinin yaro mai sikila kullum a ƙasa yake, idonsa na yin ɗorawa. Da iskar oksijin ta ragu, himogulobin da ke cikin ƙwayar sai ya sandare, ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana gida barci, musamman lokacin hunturu, daga nan yake tasowa.

Tushen abin kuwa ɗan kaɗan ne. Kusan kowace ƙwayar halittar mutum mai cibiya tana ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. A kan na 11 ne ƙwayar gadon da ke tsara wani sashe na himogulobin take. James Herrick ya fara bayyana siffar ƙwayoyin a Amurka a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa laifin na himogulobin ne, sannan a 1956 Vernon Ingram ya fara gano cewa bambancin bai wuce amino asid guda ba. Wanda ya gaji ƙwayar gadon sikilar, wato S, daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau. Wanda ya gada daga uwa da uba shi ne SS.

Me ya hana gado mai kisa irin wannan ƙarewa? Anthony Allison ya ba da amsa daga Gabashin Afirka a 1954: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Hujjar da ta fi kusa da Yashe ta Jihar Katsina ta fito ne daga Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yau kuma Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike daga 1969 zuwa 1976. Alan Fleming da abokan aikinsa sun wallafa a 1979 cewa kusan kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai 29. Masu AA, wato waɗanda ba su gaji S ba, sauro ya fi ɗauka ke nan. Masu SS kuwa kusan kashi 2 cikin 100 ne a haihuwa, amma da ƙyar aka samu wanda ya wuce shekara tara.

Yashe, Kusada da Kankia suna cikin irin wannan yanayi na gajeriyar damina da sauro mai tashi tare da ita. Saboda haka dattijon da ya ce a zamaninsu babu sikila ba ƙarya ya yi da gangan ba. Yaran ne ba su daɗe har a san ciwonsu ba. Akwai alamar cewa wasu da aka kira 'yan wabi suna cikinsu. Jariri mai SS yakan yi wata shida lafiya saboda himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki, sai kumburin hannu da ƙafa ya biyo baya, a ce sanyi ne.

Lissafin da aka fi kuskure shi ne na AS da AS. Ɗaya cikin huɗu na haihuwar SS da ake faɗa na kowane ciki ne daban, ba na jimillar 'ya'ya ba. Ma'aurata na iya haifar SS uku a jere, ko su haifi shida babu ko ɗaya. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar S, amma idan tana cikin dangi yana sauƙaƙa haɗuwarta.

Yau hukuncin Garki ya sauya. Gwajin SPRING da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022, ya nuna maganin haidiroksiyuriya na kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kano kuma ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia da limaman yankin su ne mafi kusa da iyaye. Su riƙa neman a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ana gobe ɗaurin aure ba.