Kowa fiffike yake kallo, ba mai duba ƙafa: tarihin jiragen haɗin gida a Arewa

1/ Jama'a, yau zare ne mai ɗan tsawo 🧵 Lokaci zuwa lokaci sai a yaɗa bidiyon wani matashi ya ƙera jirgin sama a bayan gidansu. A tada inji, farfela ta juya, mu cika wajen da "Masha Allah, gwamnati ta taimaka masa." Amma da wuya ka ga mai ɗaukar bidiyon ya sunkuya ya haska ƙafar jirgin.

2/ Ni kuma da na bi tarihin jirgi a Arewa na shekara ɗari, abin da na fahimta shi ne ƙafar nan ce ke raba jirgin da zai yi shekaru yana aiki da wanda zai ƙare a wajen 'yan gwangwan. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ku biyo ni, a ƙarshe za mu dawo gida: Gusau, Tsafe da Bungudu.

3/ Mu fara daga 1 ga Nuwamba 1925. Ranar ce jirage uku na sojan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira. Jagoransu Arthur Coningham. Lokacin babu filin jirgi, a filin wasan dawaki suka sauka, a kan tsurar ƙasa.

4/ Me ya riƙe su da suka dira? Sanduna ne aka haɗa kamar gwafa, aka ɗaure gatarin taya da igiyar roba mai talewa, 'yar'uwar wadda ɗan acaɓa ke ɗaure kaya da ita. Ba birki. A wutsiya kuma wata sanda ce ke jan ƙasa har jirgin ya tsaya. Robar ita ke shanye dukan. In ta saki, a kwance a ɗaura sabuwa.

5/ Kun ga dabarar? Tun farko an ware abu ɗaya mai arha an ce "kai ne za ka riƙa lalacewa", don a tsira da babban jiki mai tsada. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne ƙashin bayan zaren nan gaba ɗaya.

6/ Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, an riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Khartum har Masar. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Wato haɗa jirgi daga akwati daɗaɗɗen abu ne a Afirka ta Yamma.

7/ Yanzu mu ɗan leƙa Amurka, don daga can ƙafar jirgin da zan ba ku labarinsa ta fito. Akwai wani matuƙi mai tseren jirage, Steve Wittman, wanda ke ƙera jiragensa da hannunsa. A shekarun 1930 ya yi tunani: me zai hana ƙafar kanta ta zama sifirin? Ƙarfe guda, ya lanƙwashe in an sauka, ya koma yadda yake.

8/ In kun san sifirin ɗin babbar mota mai falle-falle, to kusan haka. Kamfanin Cessna ya sayi wannan dabara ya sa wa jiragensa. Daga baya Wittman ya fito da wata: sandar ƙarfe zagayayya, mai kauri daga sama tana sirancewa zuwa wajen taya. Filin jirgin Oshkosh, inda masu haɗa jirgi a gida ke babban taronsu duk shekara, sunansa aka sa masa.

9/ Eh, a can haɗa jirgi a gida halas ne a doka. Ƙungiyarsu, EAA, tun 1953 aka kafa ta. Sharaɗi: kai za ka yi fiye da rabin aikin, jami'i ya zo ya duba, sannan ka yi awa 25 ko 40 kana gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin a bar ka ka ɗauki fasinja. Kuma duk shekara sai an buɗe jirgin an bincika.

10/ A jihar Oregon wani injiniya, Richard VanGrunsven, ya kafa Van's Aircraft a farkon shekarun 1970 yana sayar da jirgi a warwatse: fallayen alminiyam, ƙusoshi da zane, ka je gida ka haɗa. Samfurinsa RV-6A mai kujera biyu ne gefe da gefe, taya uku, ƙafafunsa irin sandar Wittman.

11/ To ga inda labarin ya zama namu. Rundunar sojan saman Najeriya ta zaɓi wannan RV-6A don koyar da sababbin matuƙa. Aka sayo guda 60 a warwatse, kamfanin AIEP ya haɗa su a Kaduna da wasu sauye-sauye, aka raɗa masa Air Beetle, kamar ka ce buzuzun sama. Na farko ya tashi a 1989. Inji Lycoming, ƙarfin doki 180.

12/ Ku tsaya ku auna wannan. Jirgin da tsoho ɗan fansho ke haɗawa a garejinsa a Amurka, shi ne aka shafe shekaru ana koya wa matuƙan sojanmu tashi da shi a Kaduna, kafin zuwan Super Mushshak daga Pakistan wajen 2016. Don haka wanda ya ce jirgin haɗin gida wasan yara ne, tarihi bai goyi bayansa ba.

13/ Jirgin koyo kuwa ba abin da ke shan wahala a jikinsa kamar ƙafa. Ɗalibi zai tashi, ya zagayo, ya sauka, ya sake tashi, sau da yawa a awa ɗaya, kuma saukar ɗan koyo kun san ba ta da taushi. Bari in nuna muku nauyin abin da lissafi mai sauƙi.

14/ RV-6A cike da kaya yana kusan kilo 750, wato buhun masara bakwai da rabi. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙananan jirage ta ce ƙafa ta iya jure dira mai saurin ƙafa 7 zuwa 10 a daƙiƙa. Na ƙarshen daidai yake da saurin abin da aka saki daga kusan rabin mita. Ɗaga buhunan nan rabin mita ka sake su a kan sanduna uku. Sannan ka maimaita sau dubbai.

15/ A ina cin yake farawa? A irin wannan ƙafa, sandar tana shiga cikin wani bututun ƙarfe, ƙusa mai noti guda ɗaya ta ratsa su ta riƙe. Kowace sauka sandar na son juyawa. A hankali ramin ƙusar da yake zagayayye sai ya koma kamar ƙwai. Da ido ba ka gani. Sai ka ɗaga jirgin ka girgiza ƙafar, ka ji "ƙwas, ƙwas".

16/ Daga nan sai karkarwa. Tayar gaba ta RV-6A ba sitiyari ke juya ta ba, sakakkiya ce kamar ta keken asibiti, da birkin dama da hagu ake karkata jirgin. In ta yi sako-sako, tana taɓa ƙasa da gudu sai ta hau kaɗawa dama da hagu, jirgin duka ya ɗauki rawa. Wanda ya taɓa tuƙa mashin mai cinyayyen boris ɗin wuya ya san abin da nake nufi.

17/ Wannan samfuri ya yi wani tarihi a ƙasashen waje. An samu lokuta da ƙasan cokalin tayar gaba ya caki ƙasa a fili mai rami ko laushi, ƙafar ta lanƙwashe, jirgin ya kife. A 2007 kamfanin ya fitar da sanarwar gyara: a gajarta sandar, a sa sabon cokali da zai ɗaga notin ƙasa sama da kusan inci ɗaya. Inci ɗaya fa, jama'a. Tsakaninsa da kifewa ke nan.

18/ Yaya masu haɗin gida ke gyara cin ramin? Ba sa cusa ƙusa mai kauri su buga da guduma. Sai a gyara ramin da abin fiƙe na musamman har ya dawo zagayayye, a auna, a sa ƙusar da ta cika shi cif. Wasu kan sa fegin ƙarfe mai tsini da ke ƙara kamawa in an ɗaure. Inda abu ke juyawa kuma, a fiƙe bushin na tagulla daidai wurin.

19/ Me ya sa tagulla? Don ta fi ƙarfen ƙafar laushi, ita za ta ci ta bar shi lafiya. Robar 1925 ce ta dawo a wata siffa. Ƙarfin ɗaurin tayar gaban ma auna shi ake yi: a rataya ƙaramin sikeli irin na masu kifi, a ja, a ga kilo nawa take buƙata kafin ta motsa, a gwada da abin da littafin jirgin ya ce.

20/ Abu ɗaya da ba a yi: walda a kan sandar sifirin. An gasa ƙarfen ne an sanyaya shi da ƙa'ida kafin ya samu wannan talewar. Wutar walda na taɓa shi sai wani wuri ya yi laushi, gefensa ya yi gautsi. Zai yi kyau a ido, har a shafa fenti. Ranar da ya sha dira mai ƙarfi, nan zai ɓalle.

21/ Mu dawo Kano, 2007. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas. Injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133, kujerun tsohuwar Toyota, da wasu sassa daga gawar wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Labarinsa ya zagaya duniya.

22/ Rahotannin lokacin sun ce bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Wasu suka yi ta dariya. To ku koma lamba 14. Faɗowa daga ƙafa 7 ya ninka waccan rabin mitar fiye da sau huɗu wajen ƙarfin duka. A wurin mai kallo ƙafa 7 ba komai ba ce. A wurin ƙafar jirgi da ƙashin bayan matuƙi, babban al'amari ne.

23/ Yanzu gida. Duk wanda ya bi titin nan daga Tsafe ya ratsa Gusau ya wuce Bungudu ya san hannu ba ya mana ƙaranci. Masu walda, maƙera, masu injin fiƙe ƙarfe da ke yi wa injin niƙa da tarakta abin da babu a kasuwa. Na sha tsayawa ina kallon bawan Allah ya karɓi cinyayyen bushin, ya juya shi a hannu, ya fiƙo sabo kafin a kira La'asar.

24/ Abin da ya rage mana shi ne awo da rubutu. Wane irin ƙarfe ne wannan? Rodin gini da ƙarfen sifirin ba ɗaya ba ne ko da kaurinsu ɗaya. Milimita nawa ramin yake yau, nawa zai zama bayan sauka hamsin? Wa ya rubuta? A harkar jirgi kowane gyara sai an sa shi a littafi da kwanan wata da sa hannu.

25/ Ga kuma ƙurarmu. Lokacin hunturu ƙura na shiga giris, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin boris da bushin a ɓoye. Lissafin da aka yi don fili mai ciyawa a Oregon ba zai ishe mu a Zamfara ba. Sai an riƙa wankewa, a sake giris, a duba da wuri.

26/ Don haka ƙanena mai son ƙera jirgi, ka fara daga ƙasa. Haɗa ƙafar kaɗai, ka ɗora mata buhunan yashi daidai nauyin jirgin da kai a ciki, ka ɗaga da kura ka saki, ka auna, ka rubuta, ka sake. Kamfanonin jirgi ma gwajin saki suke yi. Gara buhun yashi ya fashe da ƙugunka ya karye.

27/ Sannan kar ka tashi ba izini. Hukumar NCAA ce ke da hurumin wannan a Najeriya, kuma ka tuna a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta taɓa hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda tsaro. Ilimin ma ba nisa: kwalejin koyon aikin jirgi ta Zariya na nan tun 1964, kuma har gyaran jirgi ake koyarwa, ba tuƙi kaɗai ba.

28/ A 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau. Kowane jirgin da zai riƙa sauka a can yana buƙatar mai duba taya, birki da ƙusoshi kafin ya sake tashi. Ina fata in ga yaranmu na Tsafe da Bungudu riƙe da takardar shaidar wannan aiki.

29/ Nan gaba in an turo muku bidiyon jirgin haɗin gida, ku yi masa addu'a, sannan ku tambaye shi: da wane ƙarfe ka yi ƙafar, kuma sau nawa ka gwada ta? Ku tura wa duk wani mai walda ko ɗalibin injiniya da kuka sani. Allah Ya tsare, Ya sa albarka a hannun matasanmu. Amin.