Fi'ilin Da Ya Ƙi Bin Rula

A makarantun ƙasar Faransa, idan yaro ya fara koyon nahawu, akan nuna masa fi'ilai iri biyu. Akwai masu bin hanya ɗaya, wanda ya san ɗaya ya san dubu. Akwai kuma masu taurin kai, waɗanda sai an haddace kowanne shi kaɗai. Su ne Faransawa ke kira irrégulier, watau marasa bin ƙa'ida.

Asalin kalman nan daga Latin ne, harshen Rumawa. Su Rumawa suna da wata miƙaƙƙiyar sanda ta awo, sunanta regula. Da ita magini ke gane ko bango ya karkace. Daga baya sai kowace doka ta ci sunan, abin da ya kauce mata kuwa aka ce da shi irregularis. Rular da 'yan makaranta ke jan layi da ita ma daga wannan tushe sunanta ya fito, ya biyo ta Turanci.

Gardamar kuwa ta girmi Faransanci. Tun kafin haihuwar Annabi Isa malaman Yunanawa ke musu, ko harshe ƙa'ida ya ke bi, ko kuwa al'adar bakin mutane. Wani Barume, Varro, ya rubuta a kan musun nan. Da Louis Meigret ya wallafa nahawun Faransanci a 1550, shi da waɗanda suka biyo shi, da ma'aunin Latin suka riƙa auna harshensu. A 1910 gwamnati ta kasa fi'ilai kashi uku don makarantu, aka tara masu gardamar a kashi na uku.

Amma fa waɗannan fi'ilai ba kuskure ba ne, tsufa ne. Dubi aller, watau tafiya. In Bafaranshe zai ce ina tafiya, sai ya ce je vais, daga vadere na Latin. In zai ce zan tafi, sai ya ce j'irai, daga ire. Fi'ilai dabam ne suka haɗu suka zama ɗaya. Da ya ke kullum suna bakin mutane, ba wanda ya manta da su balle a miƙe su.

Ashe ke nan harshe ne ya riga zuwa, sa'an nan malamai suka biyo shi da sandar awo.